Asalin Furar Bakin Tasha

Duk wanda ya sauka daga mota a tashar Ƙaura Namoda, ko ya ci kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ya san inda ƙafarsa za ta kai shi idan rana ta take. Ga inuwa, ga benci ko tabarma, ga mai tuwo da tukwanenta, ga mai tsire yana fifita wuta, can gefe kuma mata sun jera ƙore an rufe da faifai. Yaran yanzu suna tsammanin tun da aka yi tasha haka take. To, wannan zama yana da asali, kuma ya girmi mota, ya girmi jirgin ƙasa, ya ma girmi garin Ƙaura kansa.

Ku sani cewa a da, matafiyi ɗaya ba ya sayen abinci. Malami ne ko almajiri ko mai zuwa ganin dangi, idan dare ya riske shi a gari sai ya nufi masallaci ko zauren mai gari ya yi sallama. Bayan magariba akussa za su fito daga gidaje, a ce masa bismilla, ya ci ya ƙoshi, a ba shi tabarma. Wanda ya karɓi wuri a hannun irin wannan baƙo ya jawo wa gidansa abin gori har jikoki. Baƙonka annabinka, in ji mutanen da, kuma da gaske suke.

Amma ayarin fatake wani abu ne daban. Mutane ɗaruruwa ne da jakuna da takarkarai, wasu sun fito Kano da tufafi da kanwa za su Gwanja sayen goro, wasu Buzaye ne da raƙuma sun sauko daga Azbin da gishiri. Babu gidan da zai iya ciyar da su, babu zauren da zai ɗauke su. Don haka sai a ware musu fili a bayan ganuwa, kusa da ruwa, wanda ake kira zango. Jagaba shi ke gaba yana duba hanya, madugu shi ke magana da sarkin gari kan kuɗin da za a biya a wuce. Kafin a gama sauke kaya a ɗaure dabbobi, labari ya shiga gari. Sai ka ga 'yan mata sun fito da talla, wannan da tuwo, wannan da ƙosai, wannan da ciyawar jakuna, mafi yawansu kuma da fura. A nan babu kunya, domin bafatake ba baƙon kowa ba ne, ɗan kasuwa ne da jakar wuri a gefensa. A ganina nan ne aka fara raba abincin alheri da abincin ciniki a ƙasar Hausa, kuma ganuwa ce ta raba su.

Manyan 'yan kasuwa masu daɗewa su kam cikin gari suke shiga, su sauka gidan fatoma. Shi zai ajiye musu kaya, ya nemo masu saye, ya tsaya musu idan an ci bashi. Matansa ke dafa musu abinci safe da dare, kuma ba a taɓa lissafa musu kuɗin tuwo. Fatoma ya san inda zai fanshe, wato a la'ada.

Me ya sa wannan al'ada ta yi ƙarfi a arewacin Zamfara? Dalilin ruwa ne da hanya. Zurmi tana bakin gulbin Bunsuru, Ƙaura tana bakin Gagare, kuma waɗannan gulabe suna gangarawa ta ƙasar Shinkafi su zuba cikin Rima, suna barin fadamu a bayansu. Da aka yi jihadi, Alƙalawa ta faɗi a 1808, cikin jarumawan da suka yi wannan yaƙi kuwa har da Muhammadu Namoda na Fulanin Alibawa, wanda garin Ƙaura ke amsa sunansa. Da Sakkwato ta zama cibiyar daula, sai ya zama mai fitowa Kano ko Katsina zai je gaida Sarkin Musulmi, ko zai kai gaisuwar shekara, ko zai kai haja, ta nan hanyarsa take. Baturen nan Clapperton ya ratsa Zurmi a 1824 zai je wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya bi ta Zurmi da Badarawa a 1853 a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Dukansu sai da suka keta dajin Gundumi, wanda ake tsoro saboda ƙishirwa da mahara, har ayari kan yi yini da kwana yana tafiya ba saukewa. Wanda zai shiga irin wannan daji dole ya cika salkarsa da cikinsa a garuruwan da ke bakinsa. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

To, don me fura ta fi kowane abinci karɓuwa a zango? Domin ita kaɗai ce ke kashe yunwa da ƙishirwa a ƙwarya ɗaya, kuma ba ta bukatar wuta a wurin sha. Aikinta tun a gida ake gama shi, kuma ba ƙaramin aiki ba ne. A surfa gero, a bakace, a wanke, a daka shi da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono har ya zama gari. A yayyafa ruwa a dunƙule manya-manya, a jefa cikin tafasasshen ruwa su dahu. A kwashe da zafinsu a mayar turmi a kirɓa, kuma a kirɓi ake gane mace mai hannu, domin furar da ba ta kirɓu ba gari-gari take yi a baki. Sannan a cura, a birkiɗa cikin gari don kada ta manne. Irin wannan dawo bafatake yakan ƙulle shi ya tafi da shi, in ya sami ruwa a hanya ya dama ya sha. Amma dawo da ruwa maganin yunwa ne kawai. Daɗin sai da nono.

Nono kuwa ba na cikin gari ba ne, na ruga ne. Idan aka gama girbi, makiyaya kan sauko da shanu cikin gonaki su ci kara da harawa, su bar wa manomi taki. Matansu ke da madara. A tatsa, a zuba a ƙwaryar da ta saba da aikin, a rufe ta kwana, da safe ta kama ta zama kindirmo. In ana son man shanu sai a kaɗa a cire, abin da ya rage shi ne tsala, mai ruwa-ruwa da tsami, kuma shi ya fi araha. Da hantsi Bafulatana za ta ɗora ƙore a ka ta yi tafiyar da namiji zai yi ƙorafi a kanta, ta iso bakin kasuwa. Geron manomi da nonon makiyayi a nan suke haɗuwa, kuma sau da yawa ba a ma sa kuɗi a tsakani, mudun hatsi ake ba ta ta zuba nono.

Har yau cinikin bai canja salo ba. Mutum zai tsuguna ya ce, "Sannu da rana, Inna. A dama mini, amma kada ki tsinka ta." Ita kuma ta ce, "To, Malam, kindirmo ko tsala?" Ta murƙushe furar da bayan ludayi a gabansa, ta bar masa gaya idan yana so. Mashayin fura na gaske yana da tsegumi. Ya san ƙwaryar wace ce ba a yi wa ƙarin ruwa, ya san nonon da ya kwana biyu, kuma zai wuce mata biyar ya je wurin wadda ya saba da ita.

Kada a ce an ɓoye wani abu: fura ba ita kaɗai ce abin sha a ƙasar nan ba. Maguzawa suna da giyarsu ta dawa. A jiƙa dawar ta tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a tace, a sake dafawa, a bar ta ta tashi, aikin kwanaki. Ana shan ta a wurin biki da gayya, kuma mata ne ke dafa ta su sayar a gida. Malaman jihadi sun yi wa'azi a kanta, kuma bayan kafuwar daula ta koma ƙauyukan da ba su musulunta ba. Turawa da suka zo su ma sun taƙaita sayar da barasa a Arewa, sai a unguwannin baƙi da lasin. Don haka wurin zaman matafiyi a nan bai ginu a kan tulun giya ba, a kan ƙwaryar nono ya ginu.

A Ingila kuwa a kan giya nasu ya ginu, amma labarin ya yi kama da namu ƙwarai. Su ma suna da tsofaffin masaukai a bakin hanyoyin karkara, inda keken doki ke tsayawa a canja dawakai, fasinja su ci nama su sha giyar sha'ir da aka dafa a yankin. Da jirgin ƙasa ya bazu a ƙasarsu daga wajejen 1830 zuwa 1850, da yawa daga waɗannan masaukai suka rasa baƙi, sai da mota ta zo mutanen birni suka fara fita karkara cin abinci sannan wasu suka farfaɗo. Daga baya manyan kamfanoni suka cika su da giyar da aka tace aka kashe ƙwayoyinta aka ɗura mata iska don ta daɗe ba ta lalace ba. Mashaya suka ce wannan ba ita ba ce. A 1971 wasu mutum huɗu suka kafa ƙungiyar da aka sani da CAMRA don kare irin ta gargajiya, wadda ke ci gaba da nuna a cikin ganga, kuma in an buɗe gangar sai a shanye cikin 'yan kwanaki. Mu dai giya haramun ce gare mu, amma kukan nasu duk mai shan fura zai gane shi, domin kuka ne a kan abin sha mai rai wanda ba ya jiran gobe.

Mu koma gida. Abin da ya tashi zango shi ne layin dogo. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sannan aka ja reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda a 1929. Nan layin ya ƙare, bai kai Sakkwato ba har yau, kuma wannan tsayawa ita ta yi wa Ƙaura arziki. Gyaɗa da auduga da fatu daga Zurmi da Shinkafi da Isa, har da na ƙetaren iyaka, duk nan ake kawo su a auna a loda. Jakuna da raƙuma ba su daina zuwa ba, sai dai yanzu ƙarshen tafiyarsu bakin tasha ne. Ga leburori, ga 'yan baranda masu saye wa kamfanoni, ga ma'aikatan jirgi Yarabawa da Ibo, kowa da yunwarsa da sabon kuɗi na ƙarfe a aljihu. Masu talla suka kwashe ƙorensu suka bi su. Wadda da take fitowa sai in ayari ya sauka, yanzu ta kafa rumfa tana dafawa kullum, kuma daga wannan rumfa aka sami abin da muke kira gidan abinci. Baƙin Kudu suka zo da miyar manja da teba, mai shayi ya kafa teburinsa da burodi, mai tsire ya sami kwastomomin dare. Mutanen gari kuma ba su bar hocensu ba.

Da manyan motoci suka karɓe lodi, jirgi ya ja baya, sai rumfunan suka sake ƙaura zuwa tashar mota da bakin kwalta. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a Ƙaura a 1983 ta kawo ɗalibai masu son shinkafa da miya da lemon kwalba. An ƙirƙiri jihar Zamfara a 1996, kuma da aka fara aiki da shari'ar Musulunci a farkon 2000 aka rufe wuraren sayar da giya. Mai nono ko a jikinta.

Abin da ya taɓa ta shi ne abin da ya taɓa ruga. Satar shanu da hare-haren 'yan bindiga da ramuwar gayya sun tashi rugage da ƙauyuka da yawa a Zurmi da Shinkafi, sun sa zargi tsakanin manomi da makiyayin da kakanninsu ke musayar hatsi da nono. A 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. Direba ya daina tsayawa ya huta a hanya, burinsa ya shiga gari da sauran rana. Furar ba ta ɓace ba, sai dai ta sauya hannu. A cikin gari yanzu da yawa ana haɗa nonon da madarar gari, a markaɗa fura da inji, a ɗura a roba a sa a firji. Tana da sanyi, tana da tsabta, tana kai gobe, kuma matasa da dama sun sami sana'a da ita, wannan ba abin rainawa ba ne. Amma santsinta ɗaya ne daga sama har ƙasa, babu gaya, babu ƙamshin man shanu, kuma sukarin da ake zuba mata yakan danne cittar. Dattawan da suka san ta ƙwarya in an miƙa musu ta roba suna sha, sai dai kafin su kai baki sukan tambaya ko nonon na shanu ne.