Kwalekwalen Dufuna

Kwalekwalen Dufuna jirgin ruwa ne na fafaffen itace, mafi tsufa da aka taɓa ganowa a Afirka. A 1987 wani makiyayi Bafulatani ya ci karo da shi yana haƙar rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a Ƙaramar Hukumar Fune ta Jihar Yobe, daura da kogin Komadugu Gana. A 1994 masanan Jami'ar Maiduguri da na Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono shi daga zurfin kusan mita 5.

Tsawonsa mita 8.4 ne, shekarunsa kuwa sun kai kimanin 8,000. Danshin laka da rashin iska ne suka hana shi ruɓewa. Itacen da ya daɗe a jiƙe yakan tsattsage da zarar ya bushe, shi ya sa aka jiƙa kwalekwalen cikin magani aka adana shi a Damaturu.

Game da kayan tarihin da ruwa ya adana kuwa, Yarjejeniyar UNESCO ta 2001, wadda Najeriya ta amince da ita a 2005, tana kare waɗanda suka shekara 100 a ƙarƙashin ruwa. Ta fifita barinsu inda suke, ta kuma haramta cinikinsu.