Daga Bindiga Zuwa Kyamara: Safari a Fadamar Okabango

Kalmar "safari" ta Suwahili da tamu "safara" duk daga Larabci suka fito, amma tarihi ya raba musu hanya. Tamu ta zauna wurin fatake, waccan kuwa Turawa suka laƙaba wa farautar ƙasaita, irin wadda tsohon shugaban Amurka, Theodore Roosevelt, ya yi a Gabashin Afirka a 1909.

In muka dubi fadamar Okabango ta ƙasar Botsuwana, za mu ga yadda al'amarin ya juya. Ganin mafarauta na neman ƙarar da namun daji, sai al'ummar Batawana, ƙarƙashin mai riƙon sarautarsu Elizabeth Pulane Moremi, suka keɓe gandun Moremi a 1963. Wannan abin yabo ne, domin 'yan ƙasa ne suka yi, ba Turawan mulki ba. Sai dai Basarwa, waɗanda tun kaka da kakanni suke farauta a wurin, tashinsu aka yi, wasu suka koma bakin kogin Khwai. Yau attajiran baƙi ke sauka cikin ƙananan jirage, kyamara a hannu, 'yan ƙasa na tuƙa su a kwalekwalen da ake kira mokoro, suna nuna musu giwa da dorina.