Labarin Yaƙin 'Yan Dubagari da Gara da Kuɗin Cizo

Tun kafin zuwan Turawa a 1903 mutanen Kano sun san abokan gaban gida guda biyu, watau gara da kuɗin cizo. Gara ta kan biyo ta ƙarƙashin ƙasa, ta yi wa kanta rufi da laka, ta cinye itace daga ciki, mai gida bai sani ba sai ran da soro ya rufta. Don haka magina su ke yin rufi da azara, wadda a ke tsagowa daga giginya, gama gara ba ta iya mata da sauƙi. Kuɗin cizo kuwa ya kan wuni cikin tsagar bango da gadon kara, dare ya yi ya fito shan jini. Maganinsa a da shi ne tafasasshen ruwa, da shanya shimfiɗa a rana, da sabon yaɓe. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, wannan aiki ya shiga hannun ma'aikatan En'e sosai. A 1932 aka buɗe makarantar koyon aikin tsabta a Kano, ta riƙa yaye 'yan dubagari. Su ne su ke bi gida gida, su leƙa randa ko da 'ya'yan sauro, su duba shara da kwata da ramin ɓera. Wanda ya ƙi jin gargaɗi a kai shi gaban alƙali. Mutane sun ji tsoronsu, sun kuma amfana da su.

Sa'an nan zamanin feshi ya zo. A 1939 wani masani a Suwizalan, Paul Müller, ya gano DDT na kashe ƙwari, har mutane suka zaci an gama yaƙi. Ashe da sauran aiki. A 1954 aka soma fesa ɗakuna a ƙasar Birnin Kebbi, amma a 1955 sai ga sauro wanda maganin dieldrin ba ya kashe shi. Kuɗin cizo ma ya jure wa DDT a ƙasashe da yawa. A 2001 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a Stockholm ta taƙaita aiki da shi.

To, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni su na bayan ganuwa ne, wajen hanyar Zariya, inda a da gonaki su ke. Da gari ya faɗaɗa aka yi gidajen siminti a inda suri ya daɗe, aka sa katako maimakon azara, gara kuwa ta sami abinci a sama. Bayan an rushe tsarin En'e a 1976, aikin tsabta ya koma ga ƙananan hukumomi, masu feshi na kuɗi kuma suka yawaita.

Amma gwanin cikinsu har yanzu hanyar dubagari ya ke bi. Ya kan fara neman hanyar gara a gindin bango, ya buɗe ɗinkin katifa, kāna ya ɗauki magani. Ya kan kuma komo bayan mako biyu, don ƙwan kuɗin cizo ya kan tsira daga feshin fari. Wanda ya fesa bai duba ba, kuɗin mai gida kaɗai ya kashe.