Daga Macijin Nokia Zuwa Mainin: Yadda Gem Ɗin Burauza Ya Zama Sana'a

A shekarar 2024 wata sabuwar kalma ta shiga bakin matasan ƙasar Hausa, wato mainin. Daga kasuwar waya ta Farm Centre a birnin Kano har rumfunan caji na Rano da Kibiya, sai ka ga saurayi ya sunkuyar da kai yana dangwalar fuskar waya ba ƙaƙƙautawa, yana tara maki da fatan wata rana su zama dala. Notcoin ce ta buɗe ƙofar a watan Janairu, kuma da aka fara cinikin sulallanta ranar 16 ga Mayu wasu suka samu kuɗi na gaske, labari ya bazu, kowa ya ruga. Hamster Kombat ta biyo baya, masu ita suka ce mutum miliyan 300 ne suka shiga, amma da ranar rabo ta zo, 26 ga Satumba, da yawa abin da ya faɗo musu bai biya datar da suka ƙona ba. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne waɗannan wasanni ƙananan shafukan intanet ne da ke buɗewa a cikin Telegram, irin waɗanda mutum biyu ko uku za su iya haɗawa da kwamfuta madaidaiciya. Masu Hamster Kombat kuwa sun riƙa tura jama'a kallon bidiyonsu a YouTube da bin shafukan abokan cinikinsu, suka karɓi nasu tun kafin ranar rabo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya bi tarihin wannan sana'a daga tushe zai ga cewa ƙera wasa bai taɓa zama babbar wahala ba. Arzikin ya daɗe yana tare da wanda ya riƙe hanya biyu: wadda wasan ke bi ya isa hannun mai bugawa, da wadda kuɗi ke bi su dawo.

Gem ya shigo aljihun Bahaushe ne tare da wayar salula. A watan Agusta na 2001 kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a Nijeriya, Glo ya biyo su a 2003, kuma wayar da ta cika gari a lokacin ita ce Nokia, da macijinta mai cin ƙwaya yana ƙara tsawo, wanda wani injiniya ɗan ƙasar Finlan, Taneli Armanto, ya ƙera tun 1997. Macijin kyauta ya zo a cikin waya. Da wayoyi masu Java suka iso, sai matasa suka koma sauke gem daga shafuka irin su Waptrick ta burauzar Opera Mini, wanda ba shi da data kuma ya kai wayarsa wurin masu turi, ya ba da 'yan canji a zuba masa gem da waƙoƙi da fina-finai. A nan aka kafa wata al'ada da har yau take aiki: ana biyan kuɗin gem, amma ga mai rumfar da ya tura shi ake biya. Wanda ya zauna ya ƙera shi ko sunansa ba a sani ba.

A daidai waɗannan shekaru, can a Turai da Amurka wata kasuwa ta daban tana tsayuwa. Wata manhaja mai suna Flash, wadda kamfanin Macromedia ya saya a 1996 kafin Adobe ya haɗiye shi a 2005, ta ba kowane ɗalibi damar zana wasa ya ɗora shi a shafi, a buga shi nan take ba tare da an sauke komai ba. Shafuka irin su Newgrounds da Miniclip, wanda aka kafa a 2001, da Kongregate na 2006, suka zama rumfunan da ake baje waɗannan wasanni. Yadda kuɗi ke shigowa abu ne da duk wanda ya san kasuwa zai gane. Mai shafi yana so jama'a su cika masa rumfa domin ya sayar da talla, saboda haka sai ya biya maƙerin wasa kuɗi dunƙule a manna tambarinsa a farkon wasan. Duk inda aka kwafi wasan aka kai, tambarin na biye, yana jawo mutane zuwa gida. Har dandalin gwanjo aka buɗe a 2007, FlashGameLicense, inda masu shafuka ke taya sabon wasa kamar yadda ake taya sa a kara. Ta haka ne mutum ɗaya a ɗakinsa, ba kamfani ba ubangida, ya iya ci da sha daga ƙera gem, kuma abin lura shi ne kwafar wasan, wadda ke kashe wasu sana'o'in, a nan ita ke ƙara masa daraja.

Wayar zamani ce ta rushe wannan kasuwa. A 2008 Apple da Google suka buɗe shagunansu na manhaja, suka zama babbar ƙofar da ake bi a shiga waya, kuma la'adarsu kashi 30 cikin 100 na duk abin da aka sayar. A watan Afrilu na 2010 Steve Jobs ya fito fili ya ce Flash ba za ta shiga iPhone ba, daga nan ta fara ja da baya har aka yi jana'izarta a ƙarshen Disamba na 2020. Sai dai kafin ta mutu an samu magajiya, wato HTML5, wadda aka kammala ƙa'idojinta a 2014, kuma burauzar wayoyin zamani tana fahimtarta. A watan Maris na wannan shekara wani matashi ɗan Italiya mai shekara 19, Gabriele Cirulli, ya haɗa wasan lissafi mai suna 2048 cikin 'yan kwanaki, duniya ta ɗauka. A 2015 wani ɗan Birazil, Matheus Valadares, ya saki Agar.io, Miniclip ta ɗauke shi ta kai waya. Facebook ya buɗe nasa dandalin wasannin nan-take a 2016, WeChat na Sin a ƙarshen 2017, shafuka irin su Poki na Holan da CrazyGames na Beljiyam suka farfaɗo da tsarin raba kuɗin talla da maƙera. Wanda ya fi yin suna shi ne Wordle na Josh Wardle, shafi guda mai wasan kalma ɗaya a rana, wanda jaridar New York Times ta saya a Janairun 2022 a kan kuɗin da ya haura dala miliyan ɗaya. Waɗannan sunaye suna da daɗin ji, amma wani ya yi rawa ya samu kuɗi, wani ya yi ya sha duka. A bayan kowane ɗaya akwai dubban wasannin da ba su taɓa mayar da kuɗin wutar da aka ci wajen haɗa su ba.

A Nijeriya an gwada tun da wuri. A 2012 kamfanoni biyu suka tashi a Legas, Maliyo Games na Hugo Obi da kuma Kuluya, dukansu da wasannin burauza masu ɗauke da rayuwar gida, irin su ɗan acaba a cunkoso da kisan sauro. Zubair Abubakar da abokansa na ChopUp suka fito da Danfo, Abiola Olaniran na Gamsole ya bi ta wayoyin Windows ya samu masu saukewa da yawa a ƙasashen waje. Basira ba ta yi ƙaranci ba. Abin da ya yi musu tarnaƙi shi ne hanya ta biyu, ta dawowar kuɗi. Mai talla yana biya ne gwargwadon nauyin aljihun wanda zai ga tallar, don haka mutum dubu da suka buga wasa a Kano ba sa kawo abin da mutum dubu na Amurka ko Jamus ke kawowa, ko kusa. Sayar da wasan kai tsaye kuma yana buƙatar kati mai biya a intanet, abin da mafi yawan jama'a ba su da shi a lokacin. Ko karɓar kuɗi daga waje aiki ne: PayPal ya shigo Nijeriya a 2014 a matsayin hanyar biya kawai ban da karɓa, Google ba ya sakin kuɗin talla sai sun kai dala 100, a 2022 kuma bankuna suka taƙaita abin da katin naira zai iya kashewa a waje har ya kai dala 20 a wata, alhali rajistar maƙeri a shagon Google dala 25 ce, ta Apple dala 99 duk shekara. A irin wannan hali ne darajar burauza ke fitowa, domin shafi ba ya neman rajista ko la'ada, kuma adireshinsa yana yawo a WhatsApp kamar kowane saƙo.

Daga wannan tarihi hanya biyu ke buɗe ga matashin Rano ko Kibiya, kuma duka biyun tsofaffi ne a wannan ƙasa. Ta farko ita ce ƙera wa na nesa. A labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne sarakunan baba, kuma lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a garuruwan ƙasar suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Marinin bai taɓa ganin Buzun da zai naɗa rawanin ba, amma ya san irin shunin da yake so, fatake kuma suna kai kaya su dawo da kuɗi. Wanda ya haɗa wasa marar magana da yawa, ya ba shafin waje lasisi ko suka raba kuɗin talla, wannan fataucin yake yi, kuma tun da aka saki naira a kasuwa a watan Yuni na 2023 ko 'yar dala kaɗan tana da nauyi a gida. Aibin hanyar shi ne marini ba shi ke yanke farashi ba, kuma ranar da mai shafi ya sauya ƙa'ida babu inda za a kai ƙara.

Ta biyu ita ce sayar wa na gida, kuma a nan masana'antar fim da ta littafi sun riga sun share fage. Fim ɗin Hausa na bidiyo, tun daga Turmin Danya a 1990, ya rayu ne a hannun 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai, har satar fasaha da masu turi suka karya kasuwar faifai. Bai miƙe ba sai da masu shiryawa suka samu hanyar da ta haɗa su da mai kallo ba ɗan tsakiya, wato YouTube, inda shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina suka yi tashe daga 2020. Marubutan littattafan Hausa, waɗanda mafi yawansu mata ne, sun fi haka dabara: a saki shafukan farko kyauta a WhatsApp, labari ya kama mai karatu, sannan a ce mai son ci gaba ya tura 'yan ɗaruruwan naira ta asusu ko katin waya a saka shi a zauren masu biya. Ba su jira wani kamfani ba. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kuma ya koya wa har mai shayi karɓar taransifa, OPay da Moniepoint da PalmPay suka shiga ƙauyuka, Paystack da Flutterwave suka sauƙaƙa manna wurin biya a jikin shafi. Abin da Maliyo da Kuluya suka rasa a 2012 yanzu yana cikin kowace kasuwar mako.

Za a ce Bahaushe ba zai biya kuɗin gem ba. Gidajen gem da ke unguwanni suna ƙaryata wannan kullum, domin yara na biya su buga ƙwallo a PlayStation wasa bayan wasa. Gaskiyar da ke cikin zancen ita ce ba za a biya don abin da ake samu kyauta kuma mafi kyau a wani wuri ba. Wanda ya kwaikwayi wasan tsere na kamfanin da ke da ma'aikata ɗaruruwa ya yi asarar lokacinsa. Abin da babu mai kawo shi daga waje shi ne na gida: dara mai gurbi 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, wadda za a iya bugawa tsakanin mutumin Kibiya da ɗan'uwansa da ke ci-rani a Legas, ko kacici-kacici da karin magana, ko wasan koya wa yara haɗa baƙi da wasali a boko da ajami. Za a kuma ce za a kwafe shi. Tabbas za a kwafa. 2048 kansa ya samo asali ne daga Threes, wanda masu shi suka shafe fiye da shekara suna gini, kwaikwayon ya fi na asali suna cikin makonni. Su ma marubutan intanet ana fitar musu da littafi daga zauren masu biya, amma sana'ar ba ta mutu ba, saboda mai karatu yana biyan kuɗin shafin gobe ne da kusanci da marubuciya. Gem ɗin da ke da gasar mako da sabuwar tambaya kowace safiya haka yake, kwafin jiya ba ya maye gurbinsa.

Ƙorafin da ya fi nauyi na iyaye ne da malamai, cewa gem ɓata lokaci ne kuma ƙofar caca. Ba ƙorafin banza ba ne, ganin yadda shagunan cacar ƙwallo suka yaɗu har Hisbah ta shiga rufe su a Kano a 2024, a shekarar da Kotun Ƙoli ta yanke cewa hurumin dokar caca na jihohi ne. Iyakar a bayyane take: duk wasan da za a zuba kuɗi da fatan cin na wani ya fita daga sana'ar da ake magana a kai, kuma mai hankali ba zai gina abincinsa a kan abin da garinsu zai tashi ya rufe ba. Har talla na buƙatar tacewa, domin kamfanonin caca na cikin masu yawan sayen gurbin talla a wasanni, kuma dandalin Google yana ba mai shafi damar toshe irinsu.

Saura batun wuta da koyo. Wutar lantarki ba ta tsayawa, amma kwamfutar tafi-da-gidanka da faifan sola ɗaya sun isa wannan aiki, kayan ƙirar kuma irin su Phaser da Godot kyauta ne. Rano na da makarantar fasahar karkara da koyon sana'a ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, Wudil na da jami'ar kimiyya, shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 ya sanya ƙirar gem cikin darussansa. Abin da ya kamata a haɗa da darasin rubuta manhaja a waɗannan wurare shi ne karanta yarjejeniyar lasisi kafin sa hannu, da bambance wadda ta mallaka wa shafi ɗaya wasan da wadda ta bar maƙeri ya sayar wa shafuka goma, da buɗe asusun dala a banki, da lissafin nawa datar mai bugawa za ta ci kafin wasan ya buɗe a waya mai araha.