Me Malamin Adar Zai Kai Taron Koyar da Ilimin Kwamfuta, Me Zai Ɗauko?

Tafiya ba baƙon abu ba ce ga mutumin Tamaske. Garin da ke cikin gundumar Kaita a jihar Tawa ya yi suna da 'yan kasuwarsa da suka watsu Kano da Jos har gaɓar teku, kuma cin rani ya daɗe da zama wani sashe na tattalin arzikin yankin Adar, inda garin yake. Sai dai akwai wata tafiya da ba a saba tattaunawa a kanta ba: wadda malamin jami'a ko na sakandare kan yi zuwa taron masana koyar da ilimin kwamfuta a ƙetare. Matsayin wannan maƙala shi ne tafiyar tana da amfani, amma bisa sharaɗi biyu: mai zuwa ya tafi da abin da ya lura da shi a ajinsa, kuma ya san abin da zai bari a can.

Manyan tarukan fannin na ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM ne. Na farkonsu, SIGCSE, ya fara a 1970, kuma kusan kullum a Amurka ake yin sa. ITiCSE ya biyo baya a 1996 a Basalona, galibi yana zagaya ƙasashen Turai. Sai a 2019 aka buɗe CompEd a Chengdu ta ƙasar Sin domin sauran duniya, aka yi na biyu a Haidarabad ta Indiya a 2023, na uku a Gaborone ta Botsuwana a 2025. Wato an shafe fiye da shekara 50 ana tara hujjoji kan yadda ɗalibi ke koyon rubuta manhaja, galibinsu daga azuzuwan da wuta ba ta ɗaukewa, kowa da na'urarsa, kuma harshen malami shi ne harshen gidan ɗalibi. Wanda ya karɓi sakamakon irin wannan bincike ido rufe ya kai shi kwalejin Buza ko Madawa, ya ɗauki maganin da aka gwada a kan wani jiki.

Wannan bai isa dalilin zama gida ba, domin wasu daga cikin binciken da suka fi nauyi a fannin ba su dogara da wadata ba. A taron ITiCSE na 2001 wani rukuni ƙarƙashin Michael McCracken ya gwada ɗalibai 216 daga jami'o'i huɗu, waɗanda ke shekarar farko ta koyon rubuta manhaja. Matsakaicin makinsu bai kai 23 cikin 110 ba. Waɗannan ɗalibai ba kwamfuta suka rasa ba. A 2004 rukunin Raymond Lister ya bi sawun matsalar a ƙasashe bakwai, ya gano cewa da yawansu ba sa iya karanta gajeriyar manhajar da wani ya rubuta su faɗi abin da za ta fitar, kuma waɗanda suka zauna suka bi ta layi-layi a kan takarda sun fi samun amsa daidai. Daga irin wannan fahimta ne Sue Sentance da abokan aikinta a Ingila suka fito da tsarin PRIMM a 2017: ɗalibi ya fara hasashen abin da manhaja za ta yi, sannan a kunna ta, ya binciki dalili, ya sauya wani sashe, sai a ƙarshe ya rubuta tasa.

Ga malamin da ke da allo da alli da yara fiye da yadda benci zai ɗauka, wannan labari ne mai daɗi. Matakin farko da na uku ana yin su a kan allo da littafin rubutu. Kwamfuta guda, ko wayar hannu mai caji, ta isa ta nuna wa aji ko hasashensu ya yi daidai. A ganina wannan ya fi duk wata sabuwar na'ura da kamfanoni ke bajewa a farfajiyar taro daraja, ko da yake ita ce ke jan ido, ita ce kuma ake ɗauka hoto a tura gida.

Akwai tarko a nan, kuma masu kyakkyawar niyya ne ke faɗawa cikinsa. Tun shekarun 1990 Tim Bell na Jami'ar Kantabari a Niyu Zilan, tare da Ian Witten da Mike Fellows, suka tsara CS Unplugged, wasannin da ke koyar da lissafin sifili da ɗaya da jera lambobi ba tare da na'ura ba. An ƙirƙire su ne domin buɗe wa yaro kai kafin ya zauna gaban allon kwamfuta. Da zarar Bature ya ji daga inda baƙo ya fito, sau da yawa nan zai tura shi, kamar an yanke cewa rabon ɗan ƙauye katin takarda ne har abada. Yaron da bai taɓa ganin manhajarsa ta ƙi aiki ba, ya nemi kuskuren da kansa har ya gano, bai koyi sana'ar ba tukuna. Batun wuta kuwa ba ƙarami ba ne: lokacin da Nijeriya ta yanke wa Nijar lantarki a watan Agustan 2023, ƙasar da ke sayen mafi yawan wutarta daga maƙwabciya ta ga iyakar dogaro. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018 a cikin jihar Tawa, ta nuna inda ya kamata makarantu su sa ido.

Sharaɗi na farko, wato zuwa da abin da malami ya lura da shi a ajinsa, ya fi wuya. Ɗan kasuwar Tamaske ba ya shiga kasuwar Kano hannu rabbana. Da hajarsa yake zuwa, shi ya sa ake ba shi wurin zama. Malamin da ya je taro don saurare kawai zai dawo da jaka da takardar shaida. Amma yana da hajar da ɗakin taron ke buƙata. An yi bincike mai yawa kan ɗalibai biyu da ke raba kwamfuta ɗaya, ɗaya na bugawa ɗaya na lura. Me ke faruwa idan su takwas ne? Wa ke riƙe allon bugawa, kuma sau nawa yake kaiwa hannun yarinya? Ga kuma harshe. Ɗalibin Adar yana tunani da Hausa, ana yi masa darasi da Faransanci, kalmomin umurnin harshen rubuta manhaja Python kuwa na Ingilishi ne. Nijar ta fara gwajin koyarwa da harshen uwa tun 1973 a Damagaram, kuma kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Malamin da ya raba aji biyu, ya bayyana maimaita umurni da Hausa ga wasu da Faransanci ga wasu, ya rubuta abin da ya gani cikin tsari, ya samar da maƙalar da babu wanda zai rubuta ta daga Boston. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, mai ɗauke da sunan masanin da ya rubuta tarihin Adar, ita ce wurin da ya dace irin wannan aiki ya samu masu dubawa.

Saura hanya. Kuɗin rajista kaɗai ɗaruruwan dala ne, ban da jirgi da masauki, kuma daga Tamaske sai an bi Tawa zuwa Yamai kafin a yi maganar jirgin ƙetare. Biza ta fi kuɗi tsauri. A 2018 an hana masu bincike da dama daga Afirka shiga Kanada don taron masana kwamfuta na NeurIPS, ofishin jakadancin Faransa a Yamai kuma ya rufe a farkon 2024. Saboda haka hukumar da ke da kuɗin tura mutum ɗaya Amurka ta auna ko bai fi ba ta tura uku taron da ake yi a cikin nahiyar, irin na harshen rubuta manhaja Scratch da aka yi a Nairobi a 2019, inda malamin Kenya ko na Senegal ke fama da aji irin na Kaita. Kuma ta sa a rubuce tun kafin tafiya cewa wanda ya dawo zai tara malaman gundumarsa ya koyar da su darasi guda cikakke, a cikin aji na gaske, da yawan kwamfutar da makarantar ke da shi.