Albashin Malami da Albashin Mai Mulki a Ƙasar Gumel: Daga Baitulmali zuwa Ƙaramar Hukuma

1.0 Gabatarwa

Duk hukumar da ta riƙe kuɗin jama'a, kasafinta shi ke nuna abin da ta ɗauka da muhimmanci, ko da bakinta bai faɗa ba. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aka riƙa raba kuɗin ilmi tsakanin malamin da ke tsaye a gaban allo da ma'aikacin da ke zaune a ofis, tun daga kafa Baitulmali a farkon mulkin Turawa har zuwa hukuncin Kotun Ƙoli na 2024. An zaɓi ƙasar Gumel, watau ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, domin ƙaramar masarauta ce wadda ba ta taɓa samun kuɗin shiga irin na Kano ba, kuma a irin wannan wuri ne illar kowane tsari kan fi fitowa fili. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ratar da ke tsakanin mai koyarwa da mai gudanarwa gado ce ta tsari, wadda ta riƙa sake kama duk lokacin da aka sake sunan hukumar da ke biyan albashi.

2.0 Malami Kafin Zuwan Albashi

Masarautar Gumel, wadda Mangawa suka kafa a ƙarni na 18, ta kasance a ƙarƙashin inuwar Barno, ba ta shiga Daular Sakkwato ba. Duk da haka, matsayin malami a cikinta bai bambanta da na sauran ƙasar Hausa ba. Malamin allo ba ya da wani abu tsayayye da yake jira a ƙarshen wata. Yana rayuwa ne da kuɗin Laraba, da sadaka, da zakkar hatsi bayan kaka, da taimakon almajirai a gona, da kuma abin da iyaye suka kawo ranar sauka. Jama'a sun ɗauki koyarwa a matsayin ibada, wadda cikakken sakamakonta yana wurin Allah. Shi kuwa mai sarauta, hakimi ne ko dagaci, rabonsa sananne ne a cikin abin da ya tara daga talakawa.

Wannan fahimta tana da muhimmanci ga abin da ya biyo baya. Da makarantar boko ta zo, sai aka kira mai koyarwa a cikinta da sunan malam. Ya gaji girman da ke tattare da sunan, ya kuma gaji zaton da ake yi wa mai sunan, watau cewa mutum ne mai haƙuri wanda bai kamata a ji yana cinikin ladansa ba. Daga nan maganar nan da ta zama ruwan dare, cewa ladan malami sai a Lahira, ta sami wurin zama.

3.0 Baitulmali da Jerin Masu Albashi

Gumel ta shiga hannun Turawan Ingila a 1903, daga baya aka haɗa ta da Haɗejiya da Kazaure a cikin Lardin Kano. Wajen 1909 zuwa 1911 aka kafa Baitulmali a masarautun Arewa, aka fara da Katsina da Kano. Ma'anar wannan sabon tsari ita ce, haraji da jangali su shiga asusu guda, gwamnati ta ɗauki kasonta, saura kuma a riƙa biyan sarki da 'yan majalisa da alƙalai da hakimai da dogarai albashi daga ciki.

Abin lura a nan shi ne ma'aunin da aka yi amfani da shi. An yanka wa kowa albashi ne gwargwadon kusancinsa da tara haraji da tsare doka, domin su ne ginshiƙan mulkin En'e. A Kano, alal misali, an yanka wa Sarki Abbas fam 4,800 a shekara, alhali gudummawar da Baitulmalin yake bayarwa ga makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909 fam 1,000 ce. Ba a ga wani abin mamaki a cikin wannan ba a lokacin, domin ita makarantar an kafa ta ne musamman don samar wa En'e da 'ya'yan sarakuna masu karatu da malaman haraji da akawuna. Watau tun ranar farko makaranta baran ofis ce.

Idan haka al'amarin yake a Kano mai yalwa, to, a Gumel ya fi tsanani. Ƙasa ce mai rairayi da ƙarancin ruwan sama, wadda arzikinta ya dogara ga gero da dawa da gyaɗa da dabbobi. Ko da jirgin ƙasa na Kano zuwa Nguru ya ratsa ta Gagarawa wajen 1930 ya buɗe hanyar fitar da gyaɗa, asusun bai kai kusa da na manyan masarautu ba. Amma ƙaramar masarauta ma dole ta kasance da sarki da majalisa da ma'aji da alƙali da gidan yari, kamar yadda babba take da su. Saboda haka kuɗin riƙon mulki ya kan cinye kaso mai yawa a ƙaramin asusu, abin da ya rage kuma shi ake raba wa makaranta da asibiti da rijiya da hanya.

4.0 Tsanin da ke Fita daga Aji

An buɗe Kwalejin Katsina a 1921 domin horar da malamai, sa'an nan wajen 1930 aka kafa makarantun midil a larduna. Yaron Gumel da ya yi fice a elementare sai ya bar gida ya nufi birnin lardi, in ya ƙara yin fice ya wuce kwaleji ya fito malami. Sai dai tarihin ɗaliban kwalejin ya nuna inda hanyar ɗaukaka take. Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931, amma a 1934 ya bar aji ya zama hakimin Rabah. Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shehu Shagari da Maitama Sule duk malamai ne waɗanda mulki da siyasa suka janye. Malamin En'e yana ƙarƙashin ɗan majalisar da ke riƙe da harkar ilmi, kuma babban abin da zai yi fata shi ne a ɗauke shi daga aji a mai da shi mai duba makarantu, ko magatakarda, ko a ba shi sarauta.

Malamai ba su yi shiru ba. An kafa Ƙungiyar Malaman Nijeriya a Kudu a 1931, a 1948 kuma Malam Aminu Kano ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa, wadda albashi da sharuɗɗan aiki suke cikin manyan buƙatunta. A watan Agusta na 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da shahararren ƙudurinsa a Majalisar Arewa yana neman a yi wa mulkin En'e gyara. Sai dai a shekarun da suka biyo baya, manufar cike guraben aikin gwamnati da 'yan Arewa ta buɗe ƙofofi masu yawa, kuma mafi yawan waɗanda suka cancanci shiga malaman makaranta ne. Arewa ta sami jami'an mulki nata na kanta, amma daga cikin azuzuwanta ta ɗebo su.

Bayan rahoton Oldman na 1961, Dokar Ilmi ta Arewa ta 1962 ta tanadi kafa hukumomin ilmi a ƙarƙashin En'e-En'e, da asusunsu da jami'ansu. Wannan ya kyautata lissafin kuɗi, amma ya ƙara wani hawa na ofis a bisan malami. A 1964, shekarar da ma'aikatan Nijeriya suka yi babban yajin aiki a kan rahoton Morgan, malamai ma sun yi nasu yajin, suna neman tsarin albashi guda ga ƙasa baki ɗaya.

5.0 Udoji da Ilmin Firamare ga Kowa

Gumel ta kasance cikin Jihar Kano daga 1967. Hukumar Udoji, wadda ta miƙa rahotonta a 1974, ta shigar da malamai cikin tsarin albashi na bai ɗaya mai matakai 17. A takarda wannan babbar nasara ce, domin malami da jami'in ofis masu takardar shaida iri ɗaya sun fara daga mataki ɗaya. Amma bambancin ya koma ƙarshen tsanin. A jihohi da dama an daɗe ana tsayar da malamin firamare a wani mataki ƙasa da ƙololuwa, alhali takwaransa na ma'aikata yana iya kaiwa mataki na 16 ko 17. Bugu da ƙari, gidan gwamnati da rancen mota da kuɗin tafiye-tafiye da na zaman kwamiti sun fi karkata ga ofis, kuma waɗannan ba sa fitowa a jadawalin albashi.

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. A wannan shekara aka kafa Babbar Kwalejin Horon Malamai a Gumel, wadda ta zama Kwalejin Ilmi ta Jihar Jigawa daga baya, kuma a shekarar ce aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Talaka ya sami sauƙi, amma daga nan kuɗin makarantar ƙauye ya koma dogara kusan kacokan ga kason da ke zuwa daga asusun tarayya, watau ga farashin man fetur.

Da farashin ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnatin tarayya kuma ta janye hannunta daga biyan kuɗin firamare, sai wani sabon al'amari ya bayyana. Malami ɗaya albashinsa kaɗan ne, amma malamai su ne mafi yawan ma'aikatan ƙaramar hukuma, saboda haka jimillar albashinsu ita ce nauyi mafi girma a kanta. Idan kuɗi ya gaza, jinkirta albashin malamai shi ne hanya mafi sauƙi ta cike giɓi, musamman da yake mai sa hannu a takardar biya yana sakatariya, malamin kuwa yana can wani ƙauye na Sule Tankarkar ko bakin iyakar Maigatari. A sassa da yawa na ƙasar malamai sun yi watanni ba albashi. Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

6.0 Kai-komon Dokoki daga 1988

Doka ta 31 ta 1988 ta kafa Hukumar Ilmin Firamare ta Ƙasa, tarayya ta ɗauki kashi 65 cikin ɗari na albashin malamai, aka sami ɗan kwanciyar hankali. A 1991 aka rushe hukumar aka mayar da nauyin kan ƙananan hukumomi. A ranar 27 ga Agusta na wannan shekara aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, wadda ta buƙaci sababbin ma'aikatu da sakatarori da daraktoci a Dutse, a daidai lokacin da albashin malamin firamare ya rasa mai tsaya masa a duk faɗin ƙasar. Bashin albashi da yaje-yajen aiki suka sa aka maido da hukumar a 1993, aka riƙa cire kuɗin malamai tun daga tushe kafin kaso ya isa hannun ƙaramar hukuma. Shugabannin ƙananan hukumomi suka yi ta kukan cewa wani lokaci ba a bar musu kome ba.

An ƙaddamar da shirin ilmin bai ɗaya a Sakkwato a 1999, dokarsa ta 2004 kuma ta ware masa kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya. Mafi yawan wannan kuɗi na gine-gine ne da kayan aiki da horo. Albashi yana nan a wuyan ƙananan hukumomi ta hanyar asusun haɗin gwiwa da jiha. Sakamakon haka sai a ga sabon aji da fenti, amma babu isassun masu shiga su koyar. A 2008, bayan dogon yajin aiki, gwamnoni suka amince da ƙarin kashi 27.5 cikin ɗari ga malamai, amma jihohi ba su aiwatar da shi lokaci guda ba. A yau a bisan malamin aji akwai hedimasta, da sakataren ilmi na ƙaramar hukuma, da hukumar ilmin bai ɗaya ta jiha, da ma'aikatar ilmi, da hukumar tarayya, kowace da jami'anta da motocinta.

Akwai kuma wata hanya da hukumomi suka bi don rage nauyin, watau ɗaukar malamai na wucin gadi. A tsallaken iyakar Maigatari, Jamhuriyar Nijar ta fara ɗaukar malaman kwantiragi a 1998, har suka zama su ne mafi rinjaye a firamarenta. Jigawa ma ta ɓullo da shirin J-Teach, inda ake biyan matasa alawus su koyar kafin a tabbatar da wasunsu a aiki. Shirin ya cike gurabe, amma abin tambaya shi ne me ya sa sai a aji ake neman ma'aikaci mai araha.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da abubuwa uku. Na farko, tun zamanin Baitulmali, kusanci da asusu shi ke tantance rabo, malami kuwa shi ne mafi nisa da asusu. Na biyu, muddin ƙarin girma yana nufin barin aji, to, makaranta za ta ci gaba da renon mutanen da ofis zai kwashe. Na uku, albashin malamin firamare ya fi samun tabbas a lokutan da aka keɓe shi tun daga tushe, kamar 1988 da 1993, ya kuma fi shiga haɗari a lokutan da aka cuɗa shi da sauran hidimomi, kamar 1991.

A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Yajin aikin da malaman firamare na Abuja suka yi na fiye da wata uku a 2025, a kan rashin biyansu sabon mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, ya nuna cewa darasin 1991 bai tsufa ba. Ga ƙananan hukumomin ƙasar Gumel huɗu, abin da tarihi ke ba da shawara shi ne a keɓe albashin malamai da doka kafin a taɓa kome, a buga kasafin ilmi yadda kowa zai ga abin da ya tafi aji da abin da ya tsaya a ofis, a kuma buɗe wa ƙwararren malami hanyar kaiwa ƙololuwar mataki yana riƙe da allinsa.