Daga Samanja Zuwa Sumayya: Yadda Mai Kallo Ya Gano Marubuci

Da Usman Baba Pategi ya rasu a watan Nuwamba na 2023, labarin da ya zaga gari shi ne Samanja ya riga mu gidan gaskiya. Mutane da yawa sai a ranar suka fara jin sunansa na yanka. Haka abin yake ga Abdullahi Shu'aibu na Jos, wanda sunan Karkuzu ya haɗiye nasa. Wannan ɗabi'a ta kiran ɗan wasa da sunan rawar da ya taka ta samo tushe ne daga yadda Bahaushe ya fara kallon wasan kwaikwayo a talabijin, da kuma wanda yake ɗora wa yabo ko zargi idan an tashi daga kallo.

Talabijin ta fara aiki a Kaduna a 1962, amma an daɗe kafin akwatin ya zama kayan kowane gida. Ko bayan kafa NTA a 1977, da buɗe tashar CTV ta jihar Kano a zamanin Gwamna Abubakar Rimi, kallo sha'anin taro ne. Gida ɗaya a unguwa ke da akwati, yara su cika tsakar gida, manya su zauna a kan tabarma. Saboda haka tun a wurin kallon ake yanke hukunci, da shewa ko da tsaki, washegari kuma a ƙarasa shari'ar a majalisa da teburin mai shayi.

Abin da ake yi wa shari'ar shi ne mutumin da ke cikin akwatin, kuma mai kallo bai yi kuskure ba. Akasarin wasannin wancan lokaci ba a rubuta maganganunsu kalma bayan kalma. Mai shiryawa yakan kawo ƙashin labari, a tattauna, sannan kowane ɗan wasa ya sa masa tsoka da bakinsa. Hausar bariki da Samanja ke yi, da tsawar da yake daka wa kurata, ba daga takarda suka fito ba. Mutumin ya yi aikin soja da gaske. Ƙasimu Yero ma, a Karambana, harshensa ne jarinsa. Ga shi kuma kowane mako labari ne mai zaman kansa: rigima ta tashi, ta mutu kafin lokaci ya cika, jarumi ya dawo mako mai zuwa da halinsa na jiya. Hali zanen dutse, kuma abin da ake so ke nan. Ma'aunin mai kallo biyu ne kacal: shin wannan mutum ya yi kama da wani da na sani, kuma shin an faɗakar?

Ba wai babu marubuta ba. Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta wasannin da aka ji a rediyo kafin su zama littattafai, kuma an mayar da Magana Jari Ce ta Abubakar Imam wasan talabijin. Sai dai sunan marubuci a aji ake karanta shi. A gaban akwati babu mai tambayarsa.

Zamanin bidiyo, wanda aka saba ƙirga farkonsa daga Turmin Danya na 1990, ya ƙara wa masu kallo murya ba tare da ya sauya tambayarsu ba. Ƙorafin shekarun nan a kan rawa da waƙa ne, da kwaikwayon Indiya, da sutura, da tarbiyya, har Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. An yi ta jayayya a kan abin da ya dace a nuna, ba a cika tsayawa a kan yadda aka ƙulla labarin ba.

Dogon zango ne ya kawo sauyin. Bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014, shirin Daɗin Kowa ya gina gari guda na ƙage, ya zuba masa makaho da mai gadi da mai shayi da 'yan gudun hijira, ya bar rayuwarsu tana tafiya shekara da shekaru. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa da ka. Dole a zaunar da marubuta, irin su Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih, su riƙe zaren kowane gida. Labari mai ci gaba alkawari ne, kuma mai kallo ya koyi riƙe lissafi. Wanda ya bi wata jaruma tsawon shekara biyu ya san abin da za ta iya aikatawa da wanda ba za ta iya ba. Ranar da ta saɓa, ba zai ce ta yi sabon hali ba. Cewa zai yi wani ya sa ta.

An ga haka ƙarara a Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara a 2020. Da Nuhu Abdullahi ya bar shirin aka kashe Mahmud a cikin labarin, da Nafisa Abdullahi ta tafi kuma aka ba Fati Washa rawar Sumayya. A da can, da wuya a yi tunanin wani ya sa kakin Samanja a ce shi ne. Yanzu ga rawa ta rabu da mai ita a gaban idon kowa, masu kallo kuma suka rabu: wasu suka ce Sumayya ta tafi da mai fuskar, wasu suka ce Sumayya a takarda take, duk wadda ta iya ta ɗauka. A ganina wannan gardama, wadda aka yi a Facebook da ƙarƙashin bidiyon YouTube da Hausar yau da kullum, nazarin adabi ce tsantsa, ko da masu yin ta ba su kira ta haka ba. Kalmomin da suka yawaita a bakinsu ma shaida ne: an ja labari, an manta da wane, wannan fitowa ba ta da dalili.

Amma ba duk hukuncin ne ke da adalci ba. Har yanzu akwai mai ganin nuna mugunta daidai yake da koyar da ita, da mai neman a aura wa jarumi wadda shi yake so, ko a hukunta azzalumi tun labari bai nuna ba. Kuma tun da kuɗin shiri ya rataya a kan yawan masu kallo, furodusa yakan ji tsoron su fiye da yadda yake sauraron marubucinsa. Jan labarin da ake kuka da shi sau da yawa daga nan yake tasowa. Marubucin da aka gano, ta ƙofar zargi aka gano shi. Idan fitowa ta yi armashi a yaba wa jaruma, idan ta lalace a nemi mai alƙalami.

Tsohuwar ɗabi'ar ma ba ta mutu ba. Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yangurasa ya shafe shekaru yana wallafa littattafan hikaya a Kano, yana cikin marubutan ƙungiyar Raina Kama, tun kafin a yi mafarkin Arewa24. Yau idan ya ratsa kasuwa, Kamaye ake kiransa.